Biyar-biyar: yadda ake rarraba sinadaran tarpen, da inda lissafin yake ƙin fita

Hura balan-balan na roba har ya yi tam, sannan ka matse ɓawon lemun zaƙi a kansa yadda ɗan ruwan nan mai feshi zai sauka a jikinsa. Sau da yawa kafin ka ƙirga goma ya fashe. Ba tsami ne ya huda shi ba. Man da ke cikin ƙananan ramukan ɓawon, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa wani sinadari ne da ake kira limonen, kuma limonen narkar da roba yake yi, domin abu ya fi narkewa cikin abin da suke jinsi ɗaya. Shi da robar kuwa 'yan gida ɗaya ne. Da guntun gini iri guda aka haɗa su: limonen guntu biyu ne kacal, roba kuma dubbai ne a jere.

Wannan gida shi ne na tarpen, kuma a cikin duk sinadaran da halittu ke ƙerawa da kansu babu dangin da ya kai shi yawa. Waɗanda aka gano sun haura 50,000, wasu ƙididdigar ma suna kai su sama da 80,000. Sanyin na'a-na'a a baki, ƙamshin citta, jan tumatir, launin karas, kolestarol da ke yawo cikin jini, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi a yau, da ɗaya daga cikin manyan magungunan ciwon daji, duk daga nan suka fito. Abin tambaya shi ne, me ya haɗa mai da ke tashi a iska da tayar mota, har masana suka yarda a zuba su a kwando ɗaya?

Amsar ta faro ne daga ƙona roba. A 1860 wani Bature ɗan Ingila, Charles Greville Williams, ya gasa roba a inda iska ba ta shiga, ya tara wani ruwa mai saurin tashi da ya fita daga cikinta, ya sa masa suna aisopren. Ƙwayarsa tana da kabon 5 da haidirojin 8, wato C5H8. Kabon huɗu suna jere, na biyar ya fito a gefe kamar reshe. A 1866 August Kekulé ya ƙirƙiro sunan tarpen daga man tarpentin, wanda ake tatsa daga danƙon itatuwan fayin. Amma a lokacin fagen a rikice yake. Duk wanda ya tace man wani ganye sai ya raɗa wa abin da ya samu sabon suna, har sunaye suka fi sinadaran yawa. Otto Wallach ne ya zauna ya warware wannan ƙulli a Jamus tun daga 1884. Dabararsa mai sauƙin faɗa ce, mai cin rai wajen yi: ya riƙa haɗa mayukan da wasu sinadarai kamar buromin har su daskare su zama ƙanƙara mai tsabta, sannan ya auna zafin da kowace take narkewa. Da haka ya nuna cewa mayuka da yawa masu suna daban abu ɗaya ne. A 1887 ya kawo shawarar cewa za a iya kallon kowane tarpen a matsayin guntayen aisopren da aka ɗaura da juna. Ya karɓi kyautar Nobel a 1910.

Daga nan rabe-raben da ake koyarwa har yau suka samo asali. Su Wallach sun fi aiki da masu kabon 10, don haka su aka ɗauka a matsayin ma'auni ɗaya, aka kira su monotarpen, duk da cewa guntun aisopren biyu ne a cikinsu. Wannan yana rikita ɗalibai da yawa, kuma da gaskiyarsu. Mai kabon 5 ya zama rabin ma'auni, hemitarpen. Mai 15 ɗaya da rabi ne, seskwitarpen. Mai 20 daitarpen, mai 25 sestatarpen, mai 30 tiraitarpen, mai 40 tetratarpen, abin da ya zarce haka da nisa kuma politarpen.

Lissafin ba na ado ba ne, domin girman ƙwaya yana faɗa maka halinta. Aisopren yana tafasa a digiri 34 na ma'aunin Salshiyas, kusan zafin jikin mutum. Monotarpen irin su limonen da painen suna tafasa tsakanin 150 da 180, suna da sauƙin tashi, shi ya sa su ne hanci ke fara kamawa idan an murza ganye, kuma su ne ke fara gushewa. Masu kabon 15, kamar zinjibaren na citta da kariyofilen na masoro da kanumfari, sun fi nauyi, ƙamshinsu ya fi zurfi ya fi daɗewa. Da an kai kabon 20 tashi ya ƙare. Nan ake samun danƙo mai kauri, irin ragowar da ke zama a tukunya bayan an janye tarpentin daga danƙon fayin. Masu 30 yawancinsu daskararru ne, daga cikinsu ne ake samun masu shiga cikin bangon ƙwayoyin halitta su ƙarfafa shi. A kabon 40 sai launi ya bayyana. Dalili kuwa, sarƙar ta yi tsawon da ninkakken ɗauri (inda kabon biyu suka kama juna da ɗauri biyu) da ɗauri guda za su riƙa bin juna bi da bi har sau da yawa, kuma irin wannan jeri yana shanye shuɗin haske ya bar ja da ruwan ɗorawa su iso ido. Laikopen na tumatir yana da ninkakken ɗauri 11 a irin wannan jeri. Faitowen, wanda daga gare shi ake yin laikopen, 3 kawai gare shi, kuma ba shi da launi ko kaɗan.

Ita ma roba tana da darasinta. Madarar itacen roba da wani danƙo da ake kira gata-paca duka aisopren ne zalla a jere. Bambancinsu kawai ta wane gefe sarƙar ke ci gaba a kowane ninkakken ɗauri. A roba sarƙar tana lanƙwashewa ta cukurkuɗe, sai ta miƙe idan an ja ta, ta koma idan an saki. A gata-paca sarƙoƙin miƙaƙƙu ne, suna kwanciya kusa da juna su yi tauri, shi ya sa da shi aka naɗe wayoyin tangaraho na ƙarƙashin teku tun shekarun 1850.

Akwai kuma bambanci tsakanin tarpen da tarpenoyid. A tsantsar ma'ana tarpen kabon ne da haidirojin kawai, tarpenoyid kuma wanda aka ƙara wa oksijin ko aka sake wa fasali, kamar mentol da kafur. A aikace masana kansu suna musanya sunayen biyu ba tare da wani ya ɗaga gira ba, ni ma haka zan yi a nan.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ɗauki kolestarol ka ƙirga: kabon 27. Ba ya rabuwa da biyar. Testostiron 19 ne, estradayol 18. Jiyosmin, sinadarin da wasu bakteriya na cikin ƙasa ke fitarwa, wanda shi ne ƙamshin da ke tashi idan ruwan sama ya taɓa busasshiyar ƙasa, kabon 12 gare shi. Paklitaksel, maganin ciwon daji, 47 ne. Azadiraktin na 'ya'yan dogon yaro, mai hana ƙwari cin ganye, 35 ne. Wannan kam yana rabuwa da biyar, amma wanda ya ce guntun aisopren bakwai ne ya faɗi jarrabawa, domin ƙashin bayansa kabon 30 ne da aka datse wa 4, sauran kuma wasu ƙananan sinadarai ne aka maƙala masa daga baya. Shi ma paklitaksel cibiyarsa kabon 20 ce, ragowar 27 ɗin kaya ne aka rataya mata. Jiyosmin ya faro da 15 ya zubar da 3. Kolestarol ya faro da 30, shi ma ya zubar da 3, sannan jiki ya ci gaba da sassaƙa shi ya fitar da sinadaran jinsi da kotisol da sinadaran ɗaci na madaciya.

Mafi ban sha'awa su ne waɗanda lissafinsu ya fita daidai amma ya yi ƙarya. Retinol, wato bitamin A, kabon 20 ne cif, kuma wasu littattafai suna jera shi cikin daitarpen. Amma jiki ba ya gina shi daga ƙasa zuwa 20. Beta-karoten mai kabon 40 yake kamawa ya raba shi biyu a tsakiya. Haka ma sinadarin absisik, wanda ke umartar ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa lokacin fari: kabon 15 ne, amma tsiro daga karoten mai 40 yake yanko shi, alhali wasu nau'o'in funfuna suna gina shi kai tsaye daga mai 15. Sinadari ɗaya, asali biyu. A ganina duk wanda ya fahimci wannan misali ya fahimci fagen: rabe-raben tarpen ba ƙirgar kabon ba ne, bin sawun asali ne.

Mutumin da ya tsayar da wannan magana shi ne Leopold Ružička, haifaffen Kuroshiya da ya yi aikinsa a Zurik ta ƙasar Siwizalan, wanda ya samu Nobel a 1939. A 1953 ya sake fasalin ƙa'idar Wallach. Ya ce ba dole ne sinadarin da ke hannunka ya yanku biyar-biyar ba. Abin da ake nema shi ne a iya nuna cewa ya fito daga miƙaƙƙiyar sarƙa da aka gina biyar-biyar, ta hanyar naɗewa da sauya wuri da datsewa waɗanda ilimin sinadarai ya yarda za su iya faruwa.

Wani abin kuma, aisopren ɗin da ƙa'idar ta ci sunansa, ba da shi ƙwayar halitta take gini ba. Tana amfani da wasu tagwaye biyu masu kabon 5, IPP da DMAPP, kowannensu ɗauke da fosfat biyu a gindi. Wannan fosfat shi ne sirrin, saboda yana da sauƙin ɓallewa. Idan ya ɓalle daga DMAPP sai ya bar kabon da ya rasa elektron, mai cajin lantarki, mai neman abin da zai cike giɓinsa ido rufe. IPP na kusa da ninkakken ɗaurinsa mai yalwar elektron, sai su kama juna. An samu GPP mai kabon 10, kuma shi ma yana da fosfat a gindi, don haka za a iya maimaitawa. Ƙara IPP ɗaya ka samu FPP mai 15, ƙara wani ka samu GGPP mai 20. Waɗannan uku su ne kakannin monotarpen da seskwitarpen da daitarpen. Masu 30 da 40 kuwa ba a bi su ɗaya bayan ɗaya. FPP biyu ake haɗawa ta gefen da fosfat yake a samu skwalen, GGPP biyu kuma su ba da faitowen. Shi ya sa idan ka zana skwalen ko karoten za ka ga rabin dama madubin rabin hagu ne. Skwalen ɗin nan a hantar kifin shak aka fara gano shi, a hannun Mitsumaru Tsujimoto a Japan a 1916, kuma yana cikin maiƙon fatar kowane mutum.

Sarƙoƙi ƙalilan ke nan. Ta yaya suka haifi dubun-dubatar sinadarai? Aikin wasu enzayim ne, wato sinadaran furotin da ke hanzarta haɗe-haɗe a cikin ƙwayar halitta, da ake kira masu naɗa tarpen, kuma a wurina nan ne ilimin ya fi daɗi. Dubi GPP. Enzayim yana da wani rami a jikinsa, ya karɓi sarƙar ya lanƙwasa ta yadda ramin ya tilasta. Ƙwayoyin magniziyam da ke bakin ramin su fizge fosfat ɗin. Kabon mai caji ya bayyana a gefe ɗaya na sarƙar, kuma saboda an riga an lanƙwasa ta, ninkakken ɗaurin da ke can ɗaya gefen yana dab da shi. Suka haɗu, zobe mai kabon 6 ya rufe, cajin ya koma kan reshen da ke rataye a waje. Daga wannan matsayi guda hanyoyi suka rabu. In aka cire haidirojin ɗaya nan take, an samu limonen. In aka bar cajin ya sake kai hari cikin zoben, zobe na biyu ya rufe: ta wani kabon a samu painen na tarpentin mai ɗan matsattsen zobe na kabon 4, ta maƙwabcinsa kuma a samu ƙashin da ake yin kafur da shi. In ruwa ya shigo ya kashe cajin, a samu tarpiniyol, wanda zai iya rufewa ya zama siniyol na man yukaliptus. Enzayim bai yi wani abin a-zo-a-gani ba bayan fizgar farko. Ya dai riƙe sarƙar a wani zama, ya kare cajin daga ruwa har lokacin da ya dace, ya kuma yanke inda tafiyar za ta tsaya. Sauya 'yan sassa kaɗan a bangon ramin yana iya sauya abin da zai fito, kuma enzayim da yawa ba abu ɗaya suke fitarwa ba, gauraye suke yi.

Za ka iya duba wannan da alƙalami. Mairsen da limonen da painen duka C10H16 ne. Mairsen ba shi da zobe, ninkakken ɗauri 3 gare shi. Limonen zobe 1, ninkakken ɗauri 2. Painen zobe 2, ninkakken ɗauri 1. Kowane zobe da aka rufe ninkakken ɗauri guda ya ci.

Gwanintar ta kai maƙura a kan skwalen. Bayan an saka masa oksijin ɗaya a baki, enzayim guda yana naɗe sarƙar mai kabon 30, ya rufe zobba 4 a jere, sannan haidirojin biyu da rassan kabon biyu su yi tsalle kowanne zuwa kabon na kusa, duk a zama ɗaya. Abin da ke fita a dabbobi da funfuna shi ne lanostarol, a tsirrai kuma saikuloatenol. Daga lanostarol zuwa kolestarol akwai matakai 19. Irin wannan tsallen reshe daga kabon zuwa kabon shi ne ya sa wasu tarpen ba sa yankuwa biyar-biyar ko da lissafinsu ya cika, kuma a kan dangin kafur aka fara gane shi, ta aikin Georg Wagner a 1899 da Hans Meerwein bayansa.

Siffa tana da wani ɓangare da zane a takarda ke ɓoyewa. Hannun dama da na hagu yatsu iri ɗaya gare su, a jeri ɗaya, amma ba za ka ɗora ɗaya kan ɗaya su dace ba. Yawancin tarpen haka suke, kuma enzayim yakan ƙera hannu ɗaya ne kawai. Hanci ma yana bambancewa, domin masu karɓar ƙamshi da ke cikinsa su ma masu hannu ne. Kabon, haidirojin, nauyi da zafin tafasa na hannaye biyu na wani tarpen mai suna carvone duk ɗaya ne, amma ɗaya ƙamshin na'a-na'a yake yi, ɗayan kuma ƙamshin ƙwayar karawe da ake sawa a burodi a Turai. Mentol yana da siffofi 8 masu yiwuwa, ɗaya ce tsiro ya fi yi, kuma ita ce ta fi kunna TRPM8, ƙofar da jijiyoyi ke jin sanyi da ita, wadda aka gano a 2002. Bakinka bai yi sanyi ba, jijiyar ce aka yaudara.

Saura tambayar inda IPP kansa yake fitowa. Shekaru kusan arba'in an ɗauka hanya ɗaya ce, ta mebalonet, wadda aka gano sinadarinta a 1956, kuma Konrad Bloch da Feodor Lynen suka samu Nobel a 1964 saboda bin diddigin yadda jiki ke gina kolestarol. Sai Michel Rohmer a Faransa ya ciyar da bakteriya sukari mai alamar kabon-13, ya duba inda alamar ta sauka a tarpen ɗinsu, ya ga ba ta sauka inda hanyar mebalonet ta ce ba. A 1993 ya wallafa cewa akwai hanya ta biyu, wadda yanzu ake kira MEP. Dabbobi da funfuna ta farko kawai gare su. Yawancin bakteriya ta biyu suke bi. Tsirrai sun haɗa duka biyun a ɗakuna daban na ƙwaya ɗaya: a cikin ruwan ƙwayar hanyar mebalonet tana ciyar da masu 15 da 30, a cikin kuloroplas, ɗakin da ganye ke haɗa abinci da hasken rana, da 'yan uwansa kuma MEP tana ciyar da masu 10 da 20 da 40, ko da yake akan ɗan yi musanye ta katanga.

Likitanci ya ci gajiyar wannan taswira sosai. Magungunan statin na rage kolestarol suna toshe enzayim ɗin da ke yin mebalonet. Akira Endo ne ya samo na farko daga wata funfuna a Japan a shekarun 1970. Wasu magungunan zaizayar ƙashi, irin su alendronet, suna toshe wanda ke haɗa FPP. Tabinafin na makero da ƙaiƙayin ƙafa yana hana funfuna saka wa skwalen oksijin, dangin fulukonazol kuma suna tare ta a gaba kaɗan, wajen sassaƙa lanostarol. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro kuwa hanyar MEP take bi, wadda mutum ba shi da ita, shi ya sa masu neman sababbin magunguna suka zuba wa wannan hanya ido.

Maganin da ake ji da shi a kan wannan cuta ma tarpen ne. Atemisinin seskwitarpen ne, C15H22O5, daga wani ɗan tsiro mai ɗaci da Sinawa suka daɗe suna sha don zazzaɓi. Tu Youyou, tana aiki a wani shirin gwamnatin Sin da aka fara a 1967, ta lura cewa wani tsohon rubutun likita Ge Hong na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa ganyen a matse, bai ce a dafa ba. Ta koma tatsar ganyen da sinadarin ether a ƙaramin zafi, tatsar ta yi aiki a 1971, aka ware tsantsar sinadarin a 1972, ta karɓi Nobel a 2015. Ƙarfin maganin yana cikin wata gada ta oksijin biyu da ke manne da juna a tsakiyar ƙwayar. Ƙwayar cutar tana cin jan jini ta saki ƙarfen da ke cikinsa, ƙarfen ya karya gadar, gutsattsarin da suka fito su far wa sassan ƙwayar cutar. Cire oksijin ɗaya daga gadar, maganin ya tashi aiki. A 2006 ƙungiyar Jay Keasling a Amurka ta dasa wa yis ƙwayoyin gadon tsiron har ya riƙa ƙera sinadarin da ke dab da atemisinin, aka fara yinsa a masana'anta a 2013, amma har yanzu gonaki ne ke samar da mafi yawansa. Paklitaksel ma ya sha irin wannan matsalar samu. Daga ɓawon wani itace mai jinkirin girma a yammacin Amurka ya fito, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffarsa a 1971, aka amince da shi a 1992, sai da aka koma yinsa daga ganyen ɗan uwan itacen da kuma ƙwayoyin tsiro da ake renon su a tankuna kafin a daina ɓare dazuka.

Ya kamata a faɗi abin da ba tarpen ba, domin kasuwar mayukan ƙamshi ta mai da kalmar tamkar hatimin lafiya. Mafi yawan man kanumfari yujinol ne, na kirfa kuma sinamaldihaid, kuma dukansu daga wani gida daban suka fito, na sinadaran da ake ginawa daga fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin. Warin tafarnuwa na sulfa ne. Ƙwallayen da ake sawa cikin tufafi don korar ƙwari, waɗanda ake yawan ɗauka kafur ne, galibi naftalin ne ko wani sinadarin masana'anta. Akwai kuma 'yan ruwa biyu, rabi tarpen rabi wani abu, kamar bitamin E da K, da THC na tabar wiwi. Kuma fitowa daga ganye ba ta wanke komai. Kafur na gaske yana sa ƙaramin yaro farfaɗiya idan ya haɗiye ko da kaɗan ne. Pulegon na wani nau'in na'a-na'a yana lalata hanta. Limonen da linalol, idan kwalba ta daɗe a buɗe iska ta shige su, suna rikiɗa su zama sinadaran da ke ta da ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Ba abin mamaki ba ne, tunda tsiro ba don jin daɗinmu ya ƙera yawancinsu ba.

Don kansa ya ƙera su. Danƙon fayin tarko ne: monotarpen mai ruwa-ruwa yana ɗauko daitarpen mai kauri zuwa inda ƙwaro ya huda, ya tashi ya bar ramin a toshe da ƙwaron a ciki. Wasu ƙwarin ɓawo kuma sun koyi mai da painen ɗin sinadarin kiran 'yan uwansu su zo a taru a kan itacen. Masara idan tsutsa ta fara cin ta tana sakin tarpen da ke jawo wasu ƙananan zanzaro masu saka ƙwai cikin tsutsar. Darɓa tana sakin farnesen ta gargaɗi sauran idan an kai mata hari.

Abin da ke tashi daga ganye bai tsaya a gona ba. Tsirran duniya suna sakin aisopren kimanin tan miliyan 500 a shekara, mafi yawa daga dazukan wurare masu zafi, kuma bisa ga alama yana taimaka wa ganye jure zafin rana. A sama yana haɗuwa da oksijin ya zama ƙananan ɓurɓushi da ke warwatsa haske, abin da Frits Went ya danganta da shuɗin hazon da ke kan tsaunuka masu daji tun 1960. A iska mai tsabta wannan ba damuwa ba ce. Amma inda hayaƙin motoci ya cika iska da oksaid na naitirojin, aisopren da hasken rana suna haɗuwa da shi su haifar da ozon a ƙasa-ƙasa, mai ƙona huhu da rage amfanin gona. Itatuwa kuma ba ɗaya suke ba: yukaliptus, oak, popla da kwakwar manja suna cikin masu saki da yawa, wasu kuwa kusan ba sa saki. Saboda haka masu tsara dashen itatuwa a manyan birane yanzu sukan duba yawan aisopren da kowane iri ke fitarwa kafin su zaɓi wanda za a jera a bakin titi.